Yadda Munka Mayar da Hauren Giwa Bargu

Tun ranar da nid dawo Tambuwal ban sha ruwa da daɗi ba. In na zauna rumfar Audu wanzami, "Labbo, ƙaƙa Bargu?" In na tafi kasuwar jakuna wurin dillancina, "Labbo, wai har ƙasar Faransa kunka shiga?" Jiya wani yat tare ni bakin rijiya shina tambaya ko gaskiya ne mutanen can na cin doya sau biyar a yini. To ga shi zan faɗa sau guda. Wanda yaj ji shi gaya ma wanda bai ji ba, ku ƙyale ni in ci gorona.

Farkon abin, bayan an gama girbi saƙo yaz zaka mani daga Kebbe, wai kakana Bawa na nemana, in taho da jakuna biyu masu ƙarfi. Wanda bai san shi ba, tsohon maharbi ne, shi yah haifi uwata. Idanunshi sun tafi, sai dai shi rarrabe haske da duhu, amma bakin nan nashi tsufa bai taɓa shi ba.

Nish shiga zaure nic ce, "Tsoho, har yanzu ba ka mutu ba? Na zaka kwasar gado da jakuna biyu."

Yac ce, "Zauna, ɓarawon matata. Gado na nan, amma ba naka ba ne."

Yas sa nik kore kaji, nish shiga ƙarƙashin tsohon rumbunshi da fartanya. Ina tono ina zufa, har fartanya tat taɓa wani abu mai tauri. Da nij jawo shi waje, sai da niz zauna ƙasa daɓas. Hauren giwa ne. In na ce ya kai tsawon dabino za ku ce Labbo ya fara, to ya kai ni kafaɗa, kuma ya yi ja awa haƙorin tsohuwar da tash shekara sittin tana cin goro.

Nan yab ba ni labarin da ko uwata ba ta sani ba. Shina saurayi, tun Nasara ba su zaka ba, yat tafi farauta Bargu, ƙetaren Kwara. Wani mai gari yas sauke shi gidanshi wata biyu, ci da sha, har yas sa anka nuna mashi hanyar giwaye. Yah harbi wani toro da sango, wato mashin nan mai dafi da aka ɗura ma bindiga. To al'adar can, in giwa ta faɗi, hauren da yat taɓa ƙasa na mai ƙasa ne, na sama shi ne na maharbi. Tsohon ga yak kwashe duka biyu yag gudu ko ban kwana babu. Nashi yas sayar a Jega. Wanga ko, duk ranar da yat tono shi da niyyar kasuwa sai gabanshi shi faɗi, shi mayar.

Yac ce, "Na tambayi liman. Ya ce haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Labbo, ba ni son in kwanta da wanga abu bisa wuyana. Ka kai ni in mayar."

Nic ce, "Tsoho, ka san dokar Nasara? Wanda anka kama da haure ba takarda, gidan yari. Kai makaho ne, za su tausaya maka. Ni fa? Da wagga kyakkyawar fuska?"

Yac ce, "Kai da ka sayar da jaki mai tari ka ce waƙa shika yi? Don bakinka nik kira ka, ba don ƙarfinka ba."

Shi yak kawo dabarar naɗi. Yas sa anka fiddo likkafaninshi, wanda yat tanada tun bara waccan, shina ƙamshin turare. Munka naɗe hauren ciki, munka naɗe da tabarma, munka haɗa da wasu tabarmi awa na sayarwa, munka aza ma jaki guda. Shi yah hau gudan. Ni ko, mai jakunan, sai ƙafa.

Zangonmu na fari Fakku, gidan wata ƙanwar kakata, Gwaggo Hajo. Tad dama mana fura da nono mai kauri, irin wadda ludayi ka tsayuwa ciki shi yi gaisuwa. Da safe munka fita gai da mutane. Ashe bayanmu ta shiga shara, ta ja damin tabarma, ya warware, ta ga farin likkafani da abu dogo sanƙarare ciki. Ba ta tsaya tambaya ba, sai salati. Kafin mu dawo, ƙofar gida ta cika. Maza fuɗu sun riga sun tafi maƙabarta da fartanyu, wani ya kawo makara, liman ya yi alwala. Wani dattijo yak kama hannuna yac ce, "Ɗana, ƙaƙa za ku shigo gari da gawa ku yi shiru? Mu ba Musulmi ba ne? Baƙo in ya rasu, namu ne."

Nid dubi Tsoho, shi ko ya sadda kai awa ba da shi aka ba. Nic ce, "Baba, Allah shi saka. Mai likkafanin ga shi nan tsaye, ya ƙi mutuwa. Tsohuwar bindigarshi ce da kwari yan naɗe ciki, wai ko lahira ba shi zuwa ba su."

Anka yi dariya, anka aika a kira masu tono. Sunka dawo suna ƙunƙuni, sun riga sun kai gwiwa. Tsoho yac ce masu kada su rufe ramin, shi na nan dawowa. Gwaggo Hajo ba ta yi dariya ba. Har munka tashi tana harararmu, amma sai da tac cika mana jaka da dawo.

Munka ƙetare Gulbin Ka munka yi kudu. Hanyar ba ni da abin faɗi a kanta sai ƙaya da zafin ƙafa. Can gaba munka fara gamuwa da matan Kambari, su ba su ɗaukar kaya a kai, sai a kafaɗa. Nit tambayi wata mai jin Hausa dalili, tac ce kai wurin tunani ne, ba wurin itace ba. Nic ce in matan Tambuwal sunka ji wagga magana mun shiga ukku, mu za a aza ma tulu.

Yawuri ce nit tafka ɓarna, kuma ba ni ɓoyewa. Munka sauka zangon fatake da la'asar, anka kawo shinkafa da kifi. Kifin nan, kanshi kaɗai ya ishi gida guda buɗa baki. Ciki ya cika, mutane sun kewaye, kun san halina. Wani yat tambayi ko wane ne tsohon, sai nij ji bakina na cewa, "Wanga? Wanga shi ne Bawa na Kebbe, wanda giwayen Bargu ka jin sunanshi su yi fitsari." Tsoho yam mintsine ni a cinya. Ina! Na riga na hau.

Cikin masu saurare akwai wani mai farar riga, ya sha turare, ana ce mashi Sanda mai haure. Yam matso yab ba Tsoho goro fari, yaz zauna daidai kusa da damin tabarminmu, har shina dafa su.

Yac ce, "Baba, ni haure nika saye, in kai bakin ruwa a sa a jirgi. Tsoho ko sabo, duk ina so."

Nic ce, "Wai mi Turawa ka yi da shi? Ci suke?"

Yac ce, "Matajin kai, da ƙotar wuƙa, da wasu 'yan ƙwallaye da manyansu ka bugawa da sanda bisa tebur."

Ku ji fa. Dabba awa rumbu, a kashe ta don wata ta taje gashi.

Yad dawo kan Tsoho, murya ƙasa ƙasa. "Ko ba haure, labari ma ina saye. Giwayen wanga yankin sun ƙare, mun share su. Kai ka san tsoffin wurare. Ka gaya mani tafkin da giwaye ka shan ruwa, shi ke nan. Ina da mutane masu bindigar zamani. In Bargu za ku, sai mu tafi tare."

Nan nig gane ramin da nig gina mana. In yab bi mu, ko dai shi gano abin da ke cikin tabarma, ko mu kai shi har ƙofar mutanen da munka zaka neman gafara wurinsu. Bakina yaj jawo, shi za shi fidda mu. Nig gyara zama nic ce, "Ranka shi daɗe, ai ka zaka wurin da ya dace. Tsohon ga ba da bindiga shika kashe giwa ba, atishawa shika yi mata. Akwai wadda yah hawo har kasuwar Jega yaɗ ɗaure cikin jakuna, dillalai na taya ta. Jinkar ɗakinmu a Kebbe kunnen giwa ne guda, rabin mun ba maƙwabta. Tafkin ko, shina bayan gidanmu, da safe giwayen ka taya mata ɗibar ruwa."

Mutane na ta faɗuwa don dariya. Tsoho, Allah shi ja kwananshi, sai yak kama hannun Sanda shina shafawa awa mai ruɗin tsufa, yac ce, "Kulu, ke ce? Kin dawo daga rafi? Ina furata?" Sanda yaz zare hannu, yak kaɗe riga, yac ce, "Allah shi ba ku lafiya, ku duka biyu." Goron ma sai da yad dube shi awa shi karɓe abinshi.

Da munka keɓe, Tsoho yak kai mani sanda, yas sami jaki. Sannan yac ce, "Ni da sango guda sai da niy yi wata biyu kafin in kada ɗaya. Wanga cikin wata guda sai shi share daji."

Ƙetaren Kwara kada ku tambaye ni. Ku da kunka saba da gulbin da ka kai ma mutum ƙugu, wanga ba a ganin ƙarshenshi sai an ƙanƙance ido. Anka ɗaure jakuna cikin jirgi, nir rungume damin tabarma, nik karance duk surorin da nis sani, da sunka ƙare nis sake daga fari. Mai jirgi yac ce, "Malam, in ka ci gaba da rawar jiki haka, kai za ka kifar da mu, ba ruwa ba." Tsoho ko ya sa hannu cikin ruwa shina murmushi awa ango.

Bargu ƙasar doya ce. Sakwara da safe, sakwara da rana, wadda in ka jefi bango da ita sai ta dawo maka. Gaisuwarsu ko, mutum shi durƙusa, ɗayan shi durƙusa, su yi ta amsa ma juna da ƙasan maƙoshi har ƙafarka ta yi tsami kai mai kallo. Mu da muke ganin mun iya gaisuwa, can yara ne mu. Tsoho na riƙe da sunan garin da na mai garin, da wani dutse mai kama da turmi. Muna tambaya ana nuna mana yamma, har wani yac ce, "Ai wanga gari yanzu na Faransa ne."

Tsoho yac ce, "Tashi yay yi?"

Mutumin yac ce, "Bai tashi ba, layi anka ja."

Iyakar, da kuke tambaya, ba ganuwa ba ce ba ƙofa ba. Wani dutse ne da anka shafa ma farar ƙasa, da bukka, da sojan Faransa guda, baƙin mutum awa mu, da jar hula. Yat tsayar da mu. Shina jin Hausa kaɗan, daidai ta karɓar gaisuwa. Yaz zagaya jaki yan nuna damin da ya fi kauri, yac ce wanga shika so. Abin da Fakku tak koya mani sai yay yi rana. Nij ja bakin tabarma da kaina, farin ƙyalle yal leƙo, ƙamshin turare yat tashi. Nic ce, "Ranka shi daɗe, likkafanin tsohon ga ne da tabarmar da za a naɗe shi. Ciwon da ke jikinshi ba a san irinshi ba. In kana so, ɗauka, ka ga dai ba a yi amfani da ita ba tukuna." Tsoho yas saki wani tari, har jakin da shika bisa yar razana. Sojan yaj ja da baya taku ukku, yak karɓi wata 'yar tabarma ta sama da yatsu biyu, yak kaɗa mana hannu.

Garin ba shi da girma. Mai garin da Tsoho yas sani ya daɗe da rasuwa, jikanshi ke riƙe. Anka kai mu gaban wata tsohuwa, Bake, gwaggon mai garin yanzu, ɗiyar wancan. Ta iya Hausa tun zamanin da fataken goro ka bi ta nan. Munka warware likkafani munka aje hauren gabanta. Tsoho yas sauka ƙasa, gwiwa biyu, yaf faɗi sunanshi da abin da yay yi, bai rage komi ba.

Bake tad dube shi. Tac ce, "Kai ne Bahaushen nan mai cin malmala ukku? Ni ce nika kai maka akushi."

Yac ce, "Ni ne, Iya."

Tac ce, "Ka san abin da yab biyo bayanka? Hauren ƙasa ba a gidanmu shika tsayawa ba, babana shi ka kai ma sarki. Da labarin giwa yak kai, ba haure, anka ce shi yaɓ ɓoye. Anka ɗaure shi cikin rana yini guda, gaban matanshi da ɗiyanshi."

Tsoho bai san wanga ba. Nig ga hannunshi na neman ƙasa awa za shi faɗi. Tac ce a kai mu masauki, a ba mu abinci, tat tashi abinta.

Kwana biyu ba ta leƙo mu ba. Ana kawo sakwara, Tsoho ba shi taɓawa. Nic ce, "Ci mana, ramin Fakku ya yi nisa." Ko zagina bai yi ba, nan nis san abin ya kai. Rana ta ukku da hantsi taz zaka da kanta, da akushi a hannu, tad dire gabanshi.

Tac ce, "Babana bai yafe maka ba. Har yam mutu, kowace safiya sai ya zage ka kafin shi wanke ido. Da yar rasu ni nig gaji zagin, ban fasa ba ko rana guda. To na tsufa, Bawa, na gaji da tashi da sunanka. Na yafe, da nawa da nashi. Ci abinci, duk ka zama ƙashi."

Tsoho yar rufe fuska da hannun riga. Da yab buɗe, malmala ukku yat tashi da su, tana zaune tana ƙirga mashi tana tsaki.

Hauren ko, mai gari yac ce ba shi kwana gidanshi. In soja sunka gani, bala'i. In masu saye sunka ji haure ya fito daga garin, za su ce akwai saura, su zaka da bindigogi. Anka kai shi daji anka gina rami anka binne. Tsoho yak karɓe likkafaninshi yac ce shi bai gama da shi ba.

Ranar da za mu taso, Bake tas sa wani maharbin garin, dattijo marar magana, shi bi da mu wata hanya. Munka yi tafiya har rana tay yi sanyi, yas sa munka ɗaure jakuna munka kwanta bayan wani suri. Gabanmu tafki ne. Sai nij ji itace na karyewa, ƙasa na amsawa ƙarƙashin cikina. Sunka fito. Jama'a, duk ƙaryar da nit taɓa yi kan giwa ashe rage mata nika yi.

Tsoho yar riƙe hannuna, yac ce a hankali, "Labbo, nawa ne?"

Nid dubi idanun nan nashi da ba su gani, nic ce, "Tsoho, ba su ƙirguwa. Sun fi ɗari. Sun cika tafki har wasu na jiran layi."

Yak karkata kai shina saurare, yaj jima. Yac ce, "Maƙaryaci. Ukku ne. Uwa biyu da ɗa. Ba toro."

Haka ne kuwa, ukku ne. Nic ce, "To, na ji. In mun koma gida zan faɗi gaskiya sau guda a rayuwata."

Yam matse mani hannu har sai da nij ji zafi. Yac ce, "Kul. Wagga gaskiya ba ta kasuwa ba ce. Ka ce babu ko guda."

Yanzu shina Kebbe, ƙarƙashin rumfarshi, shina cin tuwo shina zagin kaji. Ni ko, sunan garin kada wanda yas sake tambayata, na manta shi tun a jirgi. In kuma wani mai farar riga da ƙamshin turare yaz zaka Tambuwal shina neman Labbo, ku gaya mashi abin da kunka sani tun muna yara: ba a taɓa jin gaskiya a bakina ba, kuma Bargu ba giwa, ko guda ban gani ba.